Ƙafar Babanku da Maganar Kuɗin Inshora

Da sunan Allah zan buɗe wannan babi, don duk cikin abin da na rubuta muku shi ne na fi jin nauyinsa. Abin da ya zaunar da ni kuwa magana ce da ta faɗo kunnena ranar sunan jikata, 'yar Rabi. Ina ɗaki ana ta hayaniyar biki, sai na ji ɗayanku a bayan taga, ba zan kama suna ba, ya san kansa, yana gaya wa matarsa wai Baffa Sale ne ya cinye kuɗin inshorar ƙafar babanku, wai da su ya yi rufin kwano. Ashe abin da kuke ɗauke da shi ke nan shekara da shekaru, kuna durƙusa wa tsoho da gwiwa kuna zaginsa a zuci? To ku zauna ku ji. Ni na yi jinyar ƙafar nan tun ranar da ta karye har ranar da aka kwance ta. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da Baffan naku, yayan babanku, shi kuwa ko yanka shi za ku yi ba zai buɗe baki ya kare kansa ba.

Abin ya faru ne a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da naira ta faɗi warwas, komai na kanti ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Sabulu sai an yi layi, kananzir sai wanda ya san wani. Ku da kuke ƙanana ba ku san sau nawa na ɗora tukunya da ruwa zalla don kada maƙwabta su ga murhunmu a mace ba. Babanku ba mai hali ba ne. Gona ɗaya gare shi, wadda ke bayan gida, kuma kun san ƙasarmu, inda kunyarka ta ƙare nan ta maƙwabcinka ta fara, layin gamba ne kawai tsakaninku, ba wani daji da mutum zai je ya sara. Abin da ke riƙe da gidan shanun huɗa ne guda biyu da amalanke. Da damina ya yi wa mutane huɗa a biya shi, da rani ya yi dakon kaya ranar kasuwar Ɗanbatta, ni kuma ina cikin gida ina matsar mai ina suyar ƙuli-ƙuli. Ƙafarsa da shanun nan su ne abincinmu.

Ranar da abin ya faru bazara ce, ana kai taki gona. Ya loda amalanke da hantsi ya biyo gefen titi. Ina tsugune gaban kasko sai matar maƙwabcinmu ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Hajara, fito! Mota ta kwashe Malam!"

Ban san lokacin da na kai titi ba. Ni da ba na taka ƙofar gida da rana sai da babban dalili, sai ga ni a tsakiyar maza, cokalin suya a hannuna, mai yana ɗiga. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Amalanken ya zama itacen girki, taki ya watsu ko'ina. Wata a-kori-kura maƙare da buhunan hatsi ta kifa hanci cikin rami, tayar gaba ta yi kaca-kaca. Sa ɗaya an riga an yanka shi, ɗayan na kwance yana shure-shure, mutane suna ihu a kawo wuƙa kada ya yi mushe, a gabana aka yanka shi. Na ɗauka jinin da nake takawa na babanku ne. Can na hango shi a gefen rami, idonsa biyu, yana salati, ƙafarsa ta dama ta juya, yatsun suna kallon inda bai kamata su kalla ba. Na zube a kansa ina kururuwa. Kun san abin da mutumin nan ya ce da ni?

"Hajara, ina mayafinki?"

Direban bai gudu ba. Garba sunansa, magidanci ne daga wani ƙauye gaba da namu. Yana zaune a kan kwalta ya ɗora hannu biyu a ka, jini yana bin fuskarsa. Samari sun ɗauko sanduna za su far masa, Baffanku Sale ya tsaya a kansa ya buɗe hannuwa ya ce duk wanda zai taɓa shi sai ya fara da shi. Daga baya muka ji tayoyin motar sun goge sun zama kamar tafin hannu, Garba ya sha gaya wa Alhajin da ke da motar, Alhajin yana cewa a ƙara haƙuri, kuɗin taya ɗaya yanzu ya kai na huɗu a da.

Daga ƙaramin asibiti aka tura mu birni, asibitin ƙashi. Likita ya ɗaga hoton a jikin taga ya nuna mana. Ƙashin cinya ne ya karye can sama kusa da kwankwaso, kuma ba gida biyu ya rabu ba, ya farfashe. Ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe an ɗaure. Ya ce ƙarfen daga waje ake kawo shi, asibiti ba ta da shi, mu za mu saya, har da zaren ɗinki da safar hannu da ruwan da za a ƙara masa. Da ya faɗi kuɗin sai Baffanku ya ce ya maimaita, ya zaci kunnensa ne. Sannan ya ƙara da maganar da ta hana ni sukuni. Ya ce kada mu ja lokaci, don ƙashi ba ya jiran kowa, in ya kama a karkace a wannan wurin, su a nan ba su da yadda za su yi da shi. In an yi aikin zai koma bayan shanu. In ba a yi ba zai rayu, amma ƙafar ta tashi daga aiki. Aka rataye masa ƙafar da igiya da wani nauyi a ƙarshen gado, muka shiga neman kuɗi.

Muna cikin haka sai ga baƙi. Limamin garin su Garba ne da mai unguwarsu da wani wakilin Alhaji. Sun zo da buhun shinkafa da sabulu da ɗan abu a ƙunshe, abin dubiya dai yadda aka saba. Suka zauna a kan tabarma tsakanin gadaje, aka yi addu'a, aka jajanta. Liman ya ce Garba yana tsare a wajen 'yan sanda tun ranar, iyalinsa ba mai ba su ko kwano ɗaya, uwarsa ta daina cin abinci. Bai ma kai ƙarshen maganar ba babanku ya ɗaga hannu.

"Da gangan ya yi?"

"Subhanallahi, Malam, taya ce ta fashe."

"To me yake yi a kulle? Na yafe masa duniya da lahira. A sake shi ya je ya ga uwarsa."

Kowa ya ce Allah ya yi albarka, har marasa lafiyar gadajen kusa. Ni ma na ce amin, kuma har zuciyata. Haka muka taso muka ga ana yi. Ko rai aka rasa a mota, dangi kan ce ƙaddara ce, sun yafe, kuma duk wanda ya tsaya jan magana sai an yi shekaru ana nuna gidansu. 'Yan sanda suka ce ba sa sakin mutum da baki, sai a rubuce. Baffanku ya je, wani ɗan sanda ya rubuta, aka kawo takardar har bakin gado aka karanta mana ita da Hausa tiryan-tiryan, ba abin da aka ɓoye. Ta ce mun karɓi abin da aka kawo mana, mun yafe, ba ma neman komai a wajen direba ko mai mota, yanzu ko nan gaba. Babanku ya ce haka ne. Ya dangwala babban yatsansa, Baffanku ya dangwala a matsayin shaida, ni na goge masa tawadar da bakin mayafina. A ranar aka saki Garba.

Kawunku Nuhu, ƙanena, yana aikin akawu a ofishin wani lauya a birni, amma lokacin ya raka maigidansa wata shari'a a kudu. Da ya dawo ya zo asibiti ya ji kuɗin da ake nema, tambayar da ya fara yi ita ce ko motar tana da inshora. Muka dubi juna. Mu a saninmu inshora wata takarda ce da direbobi ke miƙa wa ɗan sanda a hanya, yawancinta ma a tasha ake bugawa. Nuhu ya ce ba haka ba ne. Ya ce doka ta wajabta wa duk motar da za ta hau titi ta yi inshora, don in ta kashe mutum ko ta ji masa rauni a sami kamfanin da zai biya, ko da direban ba shi da ko anini. Ya bi diddigi, sai ga shi ta Alhajin nan ta gaske ce, don yana kai hatsi wata makarantar gwamnati, can kuma ba sa karɓar ta bogi. Ya dawo yana dariya har da tafi. Ya ce Yaya Hajara ki sa ranki a inuwa, kuɗin ƙarfe ya samu. Ran nan ne na fara cin abinci ya zauna min. Nuhu bai tambaye mu ko mun dangwala wani abu ba, mu kuma bai zo mana a rai cewa abin faɗa ne ba.

Na ce sai an tafi da ni ofishin, Baffanku ya ce ba wurin mata ba ne, na ce ƙafar mijina ce. Muka tafi mu uku. Ranar na fara hawa bene, ina dafa bango. Ba wuta, fanka a tsaye, mutumin da muka tarar yana fifita da fayil. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu kujeru, yana ta ce min Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Nuhu ya zayyana masa komai. Ya ce ya san maganar, Alhaji ya riga ya kawo rahoto. Ya fara da shanu da amalanke, ya ce mu cire su daga lissafi, don irin inshorar da Alhaji ya yanka ta ran mutum da jikinsa ce kawai, iyakar abin da doka ta tilasta ke nan. Na ji zafin wannan, amma na ce a raina a bar shanun, a ba mu ƙafa. Sai ya buɗe fayil ɗin ya zaro kwafin takardar 'yan sanda ya ajiye a gaban Nuhu. Ina kallon fuskar ƙanena tana sauyawa yana karantawa.

"Yaya Sale, wannan hannun waye?"

"Nawa ne da na Habu. Ai ita ce ta sakin direba."

Ku yafe ni na rubuta sunan babanku, yadda yayansa ya faɗa ne. Mutumin ya ajiye fayil ɗin ya dubi Baffanku.

"Baba, bari in yi maka bayani. Mu ba ku muka yi wa alkawari ba, mai mota muka yi wa. Alkawarin shi ne, duk abin da doka ta ce shi ko direbansa su biya wanda suka ji wa rauni, mu za mu biya a madadinsu. To ga shi kun rubuta kun karɓi abu, ba kwa neman komai a wajensu. In ba a bin su komai, mu ma ba a bin mu komai."

"Yallaɓai, ai Garba muka yafe wa! Mutum ne yana kulle, uwarsa tana kuka. Ku ina muka san ku da za mu yafe muku?"

"A wajen doka, Baba, mu da shi abu ɗaya ne."

"Shinkafar fa dubiya ce! Dubiya! Haka ake zuwa gaida mara lafiya hannu rabbana?"

"Na sani, Baba. Ni ma ɗan ƙauye ne. Amma takardar ba dubiya ta ce ba."

Baffanku ya zame daga kan kujera ya zauna a ƙasa daɓas, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Wato da mun yi rashin mutunci, mun bar bawan Allah ya ruɓe a kulle, mun kori liman da shinkafarsa, da kamfani ya biya. Da muka yi abin da iyayenmu suka koya mana, sai muka yafe wa wasu masu bene da ba su roƙe mu ba, ba su ma san an yi ba sai da takarda ta iske su. Ban san yadda na sauko daga benen nan ba, Nuhu ya ce shi ya riƙo ni.

Nuhu bai haƙura ba. Ya kai maganar wajen maigidansa, lauyan ya ce akwai ƙofa ɗaya. Ranar da aka dangwala takardar an yi wa babanku allurar kashe zafi mai ƙarfi, yana rubuce a katinsa, likita ma ya ce zai shaida. In babanku zai rantse a gaban kotu cewa ba ya cikin hayyacinsa lokacin, bai san abin da ya dangwala ba, takardar ta mutu. Sai a shigar da ƙarar Garba da Alhaji, don doka ba ta yarda ka kai kamfanin ƙara kai tsaye ba, sai ka bi ta kan wanda ya buge ka. Ya ce sunansu ne kawai zai shiga, ko sisi ba zai fita daga aljihun Garba ba, kuma kamfani in ya ga irin wannan ƙarar yakan nemi sulhu da wuri. Har ya ce shi zai tsaya a ba da ƙarfen kafin kuɗin su fito. Muka zo bakin gado da murnarmu, Nuhu ya yi bayani dalla-dalla. Babanku ya saurara har ƙarshe yana kallon silin.

"An yi min allura, gaskiya ne. Amma na san liman, na san abin da ya ce, na san abin da na ce. Hankalina ɗaya."

"Malam, ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya," in ji Nuhu. "Allurar nan tana juya kai."

"Ta juya na wani. Nawa ba ta juya ba."

Nan fa na tashi. Ban taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba sai ranar. Na ce Malam ka dubi ƙafarka, ka dubi 'ya'yanka. Na ce wa za ka cuta? Garba ba zai yi asarar komai ba, kamfanin kuma dama don wannan ranar ya karɓi kuɗin Alhaji. Haƙƙinka ne, su suka fake da takarda. Na ce shanu sun tafi, in ƙafa ta bi su me za mu ci, yafiyar za mu dafa? Har nas ta leƙo ta ce mu rage murya. Ya bari sai da na gaji don kaina.

"Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, Hajara. Haƙƙina ne. In akwai hanyar da za a karɓo shi ba tare da na ɗora hannu a kan Alƙur'ani na ce ban san abin da na sani ba, a bi ta yau. In babu, a bar shi."

Babu wata hanyar. Na yi kwanaki ba na yi masa magana sai abin da ya zama dole, ina ba shi abinci ina kallon bango.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai shi ne zuwan Garba. Tun da aka sake shi yake zuwa dubiya, ya zauna can nesa a bakin ƙofa. Nuhu ne ya gaya masa halin da ake ciki. Sai ga shi ya shigo tsakar rana, ɗakin cike da 'yan dubiya, ya zube gwiwa biyu a gaban gadon, babban mutum da furfura a gemu, ya kama ƙarfen gadon yana kuka wiwi.

"Malam, don girman Allah ka kai ni kotu. Ka janye yafiyar nan. In ma ɗaure ni za a yi na yarda. Ni zan tsaya in ce na gan ka ran nan ba ka cikin hankalinka."

"Ka gan ni? Kai da kake kulle?"

"To in ce me, Malam? Na karya ka da mota, yanzu kuma a ce sakina ne ya hana a gyara ka? Da wanne zan kwana?"

"Tashi, Garba, mutane suna kallo. Abin da na ba ka na ba ka, ba aro ba ne. Kuma ba da kai nake rigima ba, rantsuwar ce ba zan yi ba."

Tun da nake ban taɓa ganin wanda aka yafe wa yana roƙon a fasa ba, ban kuma ƙara gani ba. Wata tsohuwa da ke jinyar ɗanta a gadon kusa ta riƙe baki tana ta salati. Ni dai na fita na zauna a gindin wata darbejiya na yi kukana.

Saura gona. Baffanku ya ce a sayar da ita, ko a ba da jingina, in ya so a raba tasa a noma tare. Babanku ya ce a ƙasar nan wa ya taɓa sakin gona ta dawo? Ya ce tasa ƙafar ta mutum ɗaya ce, gonar kuwa ta mutum shida ce, yana nufin ku. Baffanku ya sayar da kekensa da awakinsa da ragon da yake turke don layya, ni na sayar da kwanukan jerena, aka haɗa da kuɗin naman shanun. Duk suka tafi a kuɗin gado da magani da abinci, ko rabin kuɗin ƙarfen ba mu taɓa haɗawa ba, kuma duk mako sai an ce ya ƙara tsada. Baffanku ya je wajen Alhaji ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, Alhaji ya ce shi ma motarsa tana kan duwatsu ba a gyara ba, abin da zai iya ya riga ya yi. Rannan likita ya zo zagaye ya tsaya a kanmu ya daɗe, sannan ya ce in ba za a yi aikin ba gara mu ba wani gadon. Bai faɗa da wulaƙanci ba, shi ma idonsa ya kaɗa. Garba ne ya aro mota ya kawo mu gida, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Aka kira mai ɗori daga wajen Watari. Ba zan ba ku labarin ranar ɗorin ba, sai dai ku sani maza huɗu ne suka danne babanku, ku kuma aka kai ku gidan maƙwabta don kada ku ji. Aka jera kara aka ɗaure tun daga kwankwaso har gwiwa, aka ce kada ya motsa. Yana kwance ruwa ya sauka. Baffanku ne ya yi mana huɗar shekarar da garmar hannu, shi kaɗai, sai ya gama tamu sannan ya shiga tasa, shi ya sa geronsa bai yi ba, ya ci bashin hatsi har kaka ta zagayo. Rufin kwanon da kuke magana kuwa sai bayan shekaru ya yi shi, da kuɗin tumatirin rani, bayan ɗakinsa ya rufto a kan matarsa. Ga inshorar da Baffanku ya ci. Ba a biya ko ƙwandala ba, ba a taɓa biya ba. Kuma tun ranar benen nan har babanku ya bar duniya, ban ƙara ganin Baffanku ya dangwala hannu a wata takarda ba, ko ta takin gwamnati ce sai dai ya haƙura da takin.

Gero ya fara fitar da kai aka ce a kwance ɗorin. Da safe ne, a tsakar gida, a kan tabarma. Mai ɗori ya warware tsummokaran ya zare karan ɗaya bayan ɗaya, ni ina durƙushe ina goge ƙafar da ruwan ɗumi. Ta rame ta yi fari fat. Baffanku ya shiga ta hammata ɗaya, Garba ya shiga ta ɗaya, suka ɗaga shi a hankali. Ya taka ƙasa da ta hagu ya miƙe. Ta daman ta tsaya a sama tana lilo. Ya yi ƙoƙarin sauke ta, yatsun ne kawai suka shafi tabarma, diddigen yana sama, tsakaninsa da ƙasa na iya zura hannuna a kwance, ƙafar kuma ta karkace waje. An gaya min haka za ta yi, na sani tun a asibiti, amma gani da ido daban ne. Mai ɗori ya hau tattara karansa ba ya kallon kowa. Garba ya kau da kai. Babanku ya sunkuyo ya daɗe yana kallon ƙafar. Ina nan durƙushe a gabansa, sai ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Hajara, in na rantse yanzu, za ta miƙe?"

Na ɗago na dube shi, ban gaskata kunnena ba. Na ce a'a Malam, likita ya ce in ta kama shi ke nan, kuma ta kama.

Ya rufe ido ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"To alhamdu lillahi. Tun da aka kwantar da ni a gidan nan, ba safiyar da ban ce a raina yau zan aika a kira min Nuhu in rantse ba."

Sannan ya ce da Baffanku a saro masa sanda, mai ɗan tsawo.